Kiren ɗin ɗaga inji mai tan 2, bayan na cire injin 504 na mayar da shi

Wata uku kenan da na sayi kiren ɗin nan na ɗaga inji, irin mai naɗewa da ake rubuta tan 2 a jikinsa, amma sai yanzu da na cire inji na mayar nake ganin ina da bakin magana a kai. Motar Peugeot 504 ce ta 1978, injin XN1 mai silinda 4, cc 1971. Ta daɗe tana shan baƙin mai tana hayaƙi shuɗi, daga baya kuma ruwa ya fara shiga mai, ka zaro ma'aunin ka ga ya yi fari-fari. Irin wannan aiki in ana so ya yi kyau dole inji ya fito waje, ni kuma na riga na ƙudurta da hannuna zan yi.

A kwali biyu ya zo, da nauyi sosai, takardar bayanin haɗawa kuwa falle ɗaya ce da zane dishi-dishi, sai da na baje notuna a ƙasa na ware su bisa tsawo kafin na gane wanne ke shiga ina. Shawarata kar ka ɗaure ko ɗaya tamau sai ka gama haɗa komai, in ba haka ba ramukan ba za su haɗu ba. Tayoyin babu ko ɗigon giris, na sa musu. Da na fara famfo hannun ya ƙi tashi, gabana ya faɗi na ɗauka matacce aka sayar min, ashe iska ce ta shiga cikin jak ɗin wajen ɗauko shi a kwance. Na buɗe bawul ɗin saukewa na yi ta famfo kamar sau goma na rufe, shikenan ya fara ɗagawa.

To ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan, dan Allah duk mai shirin saya ya karanta da kyau. Tan 2 ɗin nan da aka rubuta da manyan haruffa gaskiya ne amma sai in hannun yana a takure, a rami na farko. Hannun rami 4 gare shi, tan 2, tan 1.5, tan 1, sai rabin tan, duk sanda ka ƙara zaro shi ƙarfin na raguwa. Kuma a takure ɗin ba inda zai kai, bamba da gaban mota za su tare ka ƙugiyar ba ta ko zo saitin inji ba. Ni sai da na zaro shi har ƙarshe, wato rabin tan, kafin ƙugiya ta tsaya a tsakiyar injin. Injin 504 bai kai rabin tan ba ko kusa, don haka ban damu ba, amma wanda ya ce bari ya sayi mai tan 1 tunda injinsa ƙarami ne, to ya sani a ramin ƙarshe abin da zai rage masa kaɗan ne ƙwarai, ballantana in yana son fito da inji da giyabos a haɗe. Wannan ya kamata a ce an rubuta shi ɓaro-ɓaro a kwali, ba a ɗan ƙaramin sitika ba.

Sai maganar ƙasa. Kiren ɗin nan siminti yake so, shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi. Tayoyinsa na ƙarfe ne ƙanana, da inji a rataye ko ɗan tsakuwa ɗaya ya isa ya tsayar da shi cak, inji kuma ya kama lilo. Na share wurin sau biyu. Kuma ka lura da inda za ka sa ƙafafun tokare mota, ni na sa su a inda suka tare wa kiren hanya, sai da na sake ɗaga motar na matsar da su baya.

Ranar cirewa ni da ƙanina ne. Mun cire batir, mun zana alama a jikin maƙalan bonet kafin mu sauke shi, mun zubar da ruwa da baƙin mai, lagireto ya fita, salansa, kik, tiyon fetur, wayoyi duk na manna musu takarda na rubuta inda kowacce take, na kuma ɗauki hotuna da waya kamar ba gobe. Na tokare giyabos da jak daga ƙasa, na kwance notunan da suka haɗa shi da inji da na injin sit, wato mazaunin da ke riƙe inji a jikin mota, muka fara famfo a hankali. Injin 504 a kishingiɗe yake zaune, digiri 45, shi ya sa in ka rataye shi da sarƙa kawai sai ya nemi juyawa yadda ya ga dama. Nan ne sandar daidaitawa mai hannun juyi ta yi min rana, wadda daban na saye ta don ba ta zuwa da kiren ɗin, kuma a ganina wanda bai saye ta ba bai gama sayayya ba. Inji ya rabu da giya lafiya, ya tashi kamar taƙi ɗaya, sai na ji ƙanina ya ce "Yaya tsaya, akwai abin da ke riƙe da shi." Na leƙa da tocila, wayar nan ce mai kitso da ke haɗa inji da bodi, ta miƙe tamau kamar tsirkiya, famfo ɗaya ya rage ta tsinke. Wannan kam na yaba wa jak ɗin, yana ɗagawa kaɗan-kaɗan ne, kana da lokacin da za ka duba.

Inda ya ba ni haushi wajen saukewa ne. Bawul ɗin ba shi da tsaka-tsaki, ka murɗa kaɗan shiru, ka ƙara ɗan mitsitsi sai ya saki gaba ɗaya. Karon farko injin ya zame kusan kamu guda a lokaci ɗaya, Allah ya sa tsohuwar taya ce a ƙasa. Dabarar da na yi, na damƙe kan bawul ɗin da filaya mai kullewa, hannu ya yi tsawo, sai na samu ina juya shi gashi-gashi. Ba don haka ba da ban san yadda zan saita inji da sandar giya wajen mayarwa ba, don wurin nan sai ka sauke kaurin ɗan yatsa, ka tura, ka sake ɗagawa, ka karkata, mun fi awa ɗaya muna wannan duk da na saita kulocin tun a waje.

Kuma kar wanda ya bar inji a rataye ya ce zai yi aiki a haka. Na gwada na bar shi awa ɗaya, na dawo ya sauka kamar yatsa biyu, haidirolik ɗagawa yake ba riƙewa ba, shiga ƙarƙashi kuwa ko hannu ban yarda ba. Na cire kuloci da filawil na ɗora injin kan ƙarfen ɗora inji mai juyawa. Masu 504 ku tuna silif ɗin injin nan, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, irin wanda ruwa ke zagayewa ne, da zarar kun cire tofsilinda, wato murfin saman injin, ku danne silif ɗin da washa da noti kafin ku taɓa kiranshaf, in suka motsa sai an sake sil ɗin gindinsu. Nawa dama can ne ruwan ke bi, na canza su tare da ringi da metal da gaskit.

Zan sake sayensa? Ƙwarai. Waldarsa tana da kyau, ƙarfen bai lanƙwasa ba, jak ɗin bai yi yoyo ba har yau, fentin ne dai ya fara ɓarewa a inda sarƙa ke gogawa. In ka naɗe ƙafafun yana tsayawa a lungu bai cin wuri, sai dai ka sauke hannun har ƙasa kafin ka ajiye don kar sandar jak ɗin ta yi tsatsa. Motar ta tashi a kik na uku, yanzu na yi kilomita 600 da ita ina lallaɓawa, kuma ma'aunin mai na fitowa tas.