Kallon ƙwallo kai tsaye ta intanet a Amurka: abin da ya kamata na gida su sani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar da ake yawan aiko mana, mu mazauna Amurka, daga Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram ita ce: wai da gaske can ba dish ba dikoda, ta intanet ake kallon komai? Da gaske ne gidaje da yawa sun yanke kebul, wato wayar da kamfani ke jawo tashoshi da ita zuwa gida, sun koma kallon tashoshi ta manhaja. Sai dai lamarin bai kai daɗin da ake hangowa daga nesa ba, kuma akwai wuraren da mai gidan kallo na unguwa, da dish ɗinsa da janaretansa, ya fi mu morewa.

Manyan masu wannan kasuwa su ne YouTube TV, Hulu + Live TV, Fubo, Sling TV da DirecTV. Duk aikinsu ɗaya: su tattaro tashoshin da ake samu a kebul, irin su ABC, CBS, NBC, Fox da ESPN, su turo maka ta layin intanet ɗinka. Ba mai zuwa ya huda maka bango ko ya hau rufi. Ka sauke manhaja a talabijin, ko ka soka ƙaramar na'ura irin Roku ko Fire TV Stick a bayanta, ka sa katin banki, shi ke nan. Ran da ka gaji ka soke, ba kwantiragi.

Abin da ake fara ruɗin mutum da shi shi ne sauri. Kamfanonin intanet na nan suna tallar megabit 300, 500, har 1,000 a daƙiƙa, sai sabon zuwa ya ɗauka sai ya sayi mafi tsada kafin hoto ya fito. Ba haka ba ne. YouTube TV da kansa ya ce megabit 3 ya isa hoto na talaka, 7 ya isa HD a na'ura ɗaya, 13 idan akwai wasu na'urori a kan layin, 25 kuma don 4K, wato hoton da ya fi HD fitowa garau. Hulu ya ce megabit 8 don tashoshin kai tsaye. Gidan da ke da talabijin biyu da wayoyi biyar, megabit 100 ya wadace shi har da rara. A lura, megabit daban yake da megabayit. Takwas na farkon ne ke ba da ɗaya na biyun, kuma da megabit ake talla.

To me ya sa mai megabit 500 zai ga hoto ya daskare, da'irar nan tana ta juyawa a tsakiyar allo daidai lokacin da aka tsaya bugun fenareti? Yawanci matsalar tana cikin gida. Gidajen haya na New York da makamantansu, bene ɗaya zai iya ɗauke da rauta talatin, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida, kowace tana watsa Wi-Fi a kan zangon 2.4 GHz, suna ta turereniya kamar 'yan adaidaita a bakin kasuwa. Magani na farko shi ne a mai da talabijin kan zangon 5 GHz, wanda ya fi sauri amma ba ya ratsa bango sosai, don haka rautar ta zauna a fili kusa da talabijin, kada a cusa ta cikin kabad ko bayan firji. Magani na biyu, wanda ya fi kowanne, shi ne a ja wayar Ethernet daga rauta zuwa talabijin. Wayar 'yan daloli ce, amma tana kashe rabin koke-koken da mutane ke kai wa kamfani. Sannan a gwada saurin a kan talabijin ɗin kanta, kuma da dare wajen ƙarfe 8 ko 9, lokacin da duk unguwa ta hau layi. Gwajin da aka yi da waya a gindin rauta da hantsi ba ya gaya maka komai. Layin kebul ana raba shi da maƙwabta, shi ya sa yakan yi nauyi da dare. Na fayiba ya fi tsayawa daram.

Batun kyan hoto shi ne inda ya kamata a daɗe, domin a nan ake cin kuɗin mutane. An sayar wa kowa talabijin mai 4K, amma tashoshin kai tsaye na Amurka ba su kai can ba. ABC, Fox da ESPN sun daɗe suna watsawa a 720p, su kuma CBS da NBC a 1080i. Lambobin nan yawan layukan hoto suke nunawa, kuma duka biyun ba su kai 4K ba. Duk manhajar da ka saya, abin da tasha ta ba ta shi za ta ba ka. Wasannin da ake nunawa a 4K 'yan ƙalilan ne, kuma a YouTube TV sai ka ƙara kuɗi na daban. Abin da ya fi yawan layukan hoto muhimmanci ga mai kallon ƙwallo abu biyu ne. Na ɗaya, yawan hotuna a daƙiƙa: 60 ne ko 30. A kan 30, idan gola ya buga doguwar ƙwallo za ka ga tana tafiya tana tsalle-tsalle kamar ana fizgar ta, a kan 60 kuwa tana tafiya sumul. Na biyu, yadda aka matse hoton kafin a turo. Ciyawar fili ita ce ke tona asiri. Idan kyamara ta juya da sauri ta bi ɗan wasa, dubi ciyawar: in an matse hoton da yawa, za ta narke ta zama kore guda kamar an shafa fenti, lambar rigar ɗan wasa ta dusashe, 'yan kallo a bayan raga su koma ƙananan akwatuna. Da kyamara ta tsaya sai komai ya dawo garau. Manhajoji biyu za su iya rubuta maka 1080p, amma ɗaya ta fi ɗaya nesa ba kusa ba, saboda yawan bayanan da kowace ke turowa a daƙiƙa ya bambanta.

Yadda abin ke aiki shi ne, ana yanka shirin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa 'yan daƙiƙoƙi, kuma kowace ana ajiye ta a matakan inganci daban-daban. Na'urarka tana auna layinka, in ya yi ƙarfi ta ɗauko mai kyau, in ya yi rauni ta sauko ƙasa don kada hoto ya tsaya. Shi ya sa a daƙiƙoƙin farko hoton ke fitowa dishi-dishi kafin ya washe. Kuma dole na'urar ta tara 'yan gunduwoyi a hannu kafin ta fara nunawa. Daga nan jinkiri ke shigowa. Abin da ake kira kai tsaye a intanet yakan makara da daƙiƙa 20 zuwa minti ɗaya. Sau da yawa saƙon "an ci!" zai shigo zauren WhatsApp daga wani da ke zaune a bencin gidan kallo a Fagge, alhali a allon mai kallo a Bronx ta New York ba a ma buga kwanar ba. Tauraron ɗan'adam na DStv ko Canal+ ya riga intanet isowa. YouTube TV ya sa wani maɓalli na rage jinkirin, amma yana rage abin da na'ura ke tarawa ne, don haka in layinka ba shi da tabbas, daskarewa za ta ƙaru.

Sai gasar kamfanoni. Da farko ta yi wa talaka daɗi. Sling ya fito a 2015 a kan dala 20 a wata. YouTube TV ya fito a 2017 a kan dala 35, Hulu ya biyo shi a shekarar a kan dala 40. Daga nan farashi ya yi ta hawa: YouTube TV ya kai dala 64.99 a 2020, 72.99 a 2023, 82.99 a farkon 2025. Dalili kuwa, yawancin tashoshin ba na waɗannan manhajoji ba ne, haya suke biya, kuma masu tashoshi suna ɗora musu kuɗin haƙƙin nuna wasanni da ke tashi kullum. Wanda bai iya jurewa ba ya faɗi. PlayStation Vue na Sony ya rufe a Janairun 2020. Wasu suka haɗe, kamar yadda Disney ya haɗa Hulu + Live TV da Fubo a 2025. Idan ciniki ya ƙi tsakanin manhaja da mai tasha, mai kallo ne ke kwana a ciki: a ƙarshen Oktoban 2025 tashoshin Disney, har da ABC da ESPN, sun ɓace daga YouTube TV na kusan mako biyu. Kuma kuɗin intanet ɗin kansa daban ake biyansa.

Abin da ya fi ciwo ga namu mutanen shi ne yadda aka rarraba ƙwallo. A gida SuperSport ya tattara maka Firimiya da gasar Zakarun Turai wuri guda. A nan Firimiya tana hannun NBC, wasu wasannin a USA Network, wasu sai a manhajar Peacock, wadda biyanta daban. Zakarun Turai na manhajar Paramount+. La Liga tana ESPN. Gasar cin kofin Afirka kuwa beIN Sports ake nema, wanda ba kowace manhaja ke da shi ba. Saboda haka kafin mutum ya biya ko sisi, ya fara rubuta gasar da yake kallo, sannan ya duba inda take. Wanda Firimiya da Zakarun Turai kawai suka dame shi, ba lallai ne ya sayi babban kunshi na dala tamanin ba. Kuma eriya ta 'yan daloli tana kamo ABC, CBS, NBC da Fox kyauta a yawancin birane, da hoto mai kyau kuma ba jinkirin intanet. Tashar Hausa ba za ka same ta a jerin waɗannan manhajoji ba. Arewa24 da labaran gida sai ta manhajarsu ko YouTube.

Masu cewa a turo musu lambar sirri su kalla daga gida, a yi haƙuri, ba rowa ba ce. YouTube TV a cikin Amurka kaɗai yake aiki, yana duba inda kake, yana kuma neman a buɗe shi daga yankin gidan mai asusun lokaci-lokaci. Yawan allon da za a kunna tare ma an ƙayyade: uku a YouTube TV, biyu a Hulu, ɗaya tak a Sling Orange. Ko da ya buɗe, lissafin data zai hana. Megabit 1 na tsawon awa guda yana cin megabayit 450. Megabit 7 ke nan ya haura gigabayit 3 a awa, wasa guda da hutun rabin lokaci ya wuce gigabayit 5. Mai sayen data a MTN ko Airtel ya lissafa wasa takwas a wata ya ga inda ya tsaya. Idan dole sai ta waya za a kalla, a shiga saitin manhaja a sauke hoton zuwa 480p da hannu. A ƙaramin allo bambancin kaɗan ne, kuma datar ba za ta kai rabin waccan ba.

Mai gidan kallo da ke tunanin jefar da dish ya koma Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ya bar dish ɗinsa a inda yake. Dukansu biyu ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa su, amma dish ba ya cin data, ba ya saukar da inganci don mutane sun yi yawa a layi, kuma kwastomominsa ba za su ji ihun gidan kallon da ke bayan layi kafin su ga ƙwallo a raga ba.