Hitar ruwa mai aiki da rana a ƙananan otal-otal: tana rage dizal, amma tana son kulawa

Wani bincike na 2018 ya ɗora wa harkar yawon buɗe ido kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. A wurarenmu, inda wuta ba ta tsayawa, kowane ɗakin baƙi da aka ƙara, janareta ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma hitar wanka na cikin masu cinye mai.

Hita mai aiki da rana da ake magana a kanta ita ce mai tankin lita 200 da bututun gilashi kamar 20, marar famfon lantarki: ruwan da ya yi zafi yana hawa tanki da kansa. Ɗaga lita 200 daga digiri 25 zuwa 60 na cin kusan yunit 8 na wuta. Litar dizal na ba da kimanin yunit 3, tana fitar da kilo 2.7 na iskar kabon. Ke nan tanki ɗaya na hutar da kai kusan lita 3 na mai da kilo 7 na hayaƙi a yini. A nan kam ta cancanci kuɗinta.

Matsalarta hunturu. Lokacin da baƙi ke tururuwa Yankari suna neman ruwan zafi da asuba, lokacin ne ƙura ke lulluɓe gilashin. Sai an riƙa gogewa duk mako, da sassafe. Kada a kuskura a cika ta da ruwan sanyi da tsakar rana bayan ta ƙafe, bututun zai fashe nan take. Ruwan burtsatse mai gishiri kuma yana tara farin ɓawo a ciki, don haka a wanke ta, a duba sandar magniziyam da ke hana tankin tsatsa, ko da sau ɗaya a shekara.

A kafa ta tana fuskantar kudu, a kan rufi mai ƙwari, domin in ta cika nauyinta ya haura kilo 250. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne yawancin masu sayarwa ba sa haɗawa da bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi, alhali a watan Afrilu ruwan kan wuce digiri 80, ya sale fatar yaro. A saya daban. In kuwa akwai hitar lantarki a cikin tankin, a sa mata agogon kashewa, in ba haka ba ma'aikata za su bar ta a kunne, janareta ya ci gaba da shan mansa.