Sharhi: maganin kyankyasai mai fipronil, bayan wata biyu da gwaji a Yamai

Yana aiki ƙwarai, amma ba na mai gaggawa ba ne. Wanda yake son ganin gawar kyankyaso nan take, bom ɗin feshi zai fi burge shi.

Kamar man shafawa yake, a cikin sirinji, kuma fipronil ɗin da ke ciki kashi 0,05 ne kacal cikin ɗari. Sinadari ne mai ɗauke da fulorin da farar wuta, wanda kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya fitar kasuwa a 1993. Jijiyoyin ƙwaro yake rikitawa, sannu a hankali. Kyankyaso ya lasa, ya koma maɓoyarsa ya mutu can, ƴan uwansa su ci kashinsa da gawarsa, su ma su bi shi. Cikin mako guda na ga sun ragu sosai a madafi.

Ɗigo ake yi, girman ƙwayar dawa, wajen gram 0,03, ɗaya zuwa uku a kowane murabba'in mita. A nemi bayan firigo inda ɗumi yake, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, tsagar bango. Ƙananan ɗigo warwatse sun fi tuli ɗaya amfani.

Inda ake yawan ɓata shi: a sa, sannan a bi wurin da feshi. Warin feshin yana korar su daga abincin da aka ɗana musu, kuɗi sun tafi a banza. Haka in an kwana da kwanon miya a buɗe, me zai kai su ga magani? Sai kuma zafinmu na bazara, da ke busar da ɗigon ya zama kamar ƙaro, da ƙurar hunturu da ke rufe shi. A duba duk mako biyu, a sabunta wanda ya bushe. Ƙwai kuwa ba ya taɓa su. Ƙaramin kyankyaso na madafi kan ƙyanƙyashe cikin wata guda, shi ya sa zagaye na biyu dole ne.

A sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu, a ɗiga inda yaro mai rarrafe ba ya kaiwa. In wani ya haɗiya, alamunsa zufa, amai, jiri, har farfaɗiya. Ba shi da makari na musamman, sai a garzaya asibiti da sirinjin a hannu, kada a tilasta masa amai.

Masu kaji da zabi su share gawarwakin da sassafe su binne, kafin a buɗe akurki. Kifi da ƙudan zuma ba sa jure shi ko kaɗan, don haka kada a jefa tsohon sirinji a magudanar da ke kwarara kogi. Wurin saye kuma a duba lambar amincewar hukumar CSP, mai tantance magungunan ƙwari a ƙasashen Sahel, a jikin kwali. Wanda aka ɗura a kwalba ba takarda, a bar wa mai shi.