Kumburin fenti a bonet ɗin alminiyam: a gyara tabon kaɗai ko a fesa duka?

Ɗan'uwa, ka ce fentin bonet ɗinka ya kumbura a bakinsa na gaba, da ka ɓantare sai ka ga farin gari maimakon jar tsatsa. Mai fenti na farko ya ce zai goge tabon, ya fesa firama mai asid ta gwangwani, wato shafen farko da ake yi kafin fenti, ya rufe da fenti a yini guda. Na biyu ya ce sai an cire bonet ɗin, a yi masa firamar efoksi, a fesa shi gaba ɗaya. Kana tambayar wa za ka ba aikin.

Farin garin nan shi ne tsatsar alminiyam. In kana son tabbatarwa, kara maganaɗisu a jikin bonet ɗin, za ka ga bai kama ba. Halin wannan tsatsa ya bambanta da na ƙarfe: ba ta cika huda jiki da wuri ba, sai dai ta riƙa rarrafe a ƙarƙashin fenti kamar sawun tsutsa. Saboda haka kumburin da idonka ke gani ya fi ɓarnar ƙanƙanta. Wanda ya goge daidai faɗin kumburin ya tsaya, ya bar saiwar ciwon a ciki.

Hanyar farko tana da amfaninta, kada a raina ta. Tana da sauri, kuma tana bar maka fentin kamfani a sauran jikin, wanda da wuya feshin gareji ya kai shi ƙarko. Asid ɗin da ke cikin firamar yana ɗan cin fuskar alminiyam don fenti ya samu wurin kamawa. Amma siririya ce, ba ta tare danshi sosai, kuma ba a ɗora mata fila, wato abin cike ramuka, kai tsaye. Idan tsatsar ta bar ramuka da ke buƙatar cikewa, nan ta gaza. Ga kuma kiliya, wato fentin sheƙi na sama: in an tsayar da shi a tsakiyar bonet, bakinsa yakan bayyana bayan ya sha rana.

Efoksi kuwa kashi biyu ake haɗawa, ya daskare ya toshe hanyar ruwa da iska, kuma fila tana zama a kansa lafiya. Amma ni abin da ya fi ja ni ga hanyar ta biyu shi ne cire bonet ɗin. A bakin bonet an naɗe fatar waje ne a kan ta ciki, ruwa yakan maƙale a wannan naɗi, kuma sau da yawa daga can ciwon ke tasowa ya zagayo gaba. Bonet yana kan mota, babu yadda za a yi wa bayansa aiki mai kyau. Illar hanyar ta biyu dai kuɗi da kwanaki, kuma kalar tana iya ɗan saɓa wa ta gefunan motar in mai haɗa fentin bai ƙware ba.

Akwai abin da ya fi zaɓen firama muhimmanci, kuma shi ne aka fi sakaci da shi: kayan aiki. Samfefa ko buroshin waya da suka taɓa gogar ƙarfe suna dasa ƙurar ƙarfe a jikin alminiyam. Duk inda ƙarfe da alminiyam suka haɗu da danshi, musamman mai gishiri, alminiyam ne ke cinyewa. Masu tsohuwar Land Rover Defender sun san wannan, don fatar ƙofarta alminiyam ce a kan firam na ƙarfe, kuma daga ƙasan ƙofar take fara furfura. Don haka sabuwar samfefa za a sa, mai lamba 180 ko wadda ta fi ta laushi, da buroshi na ƙarfen da ba ya tsatsa. A yi hankali da injin goga ma. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660 na Salshiyos, ƙarfe kuwa sai kusan 1,500, kuma alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka. Kafin ka farga zafi ya lanƙwasa wurin. Maganin kashe tsatsa da ake shafa wa ƙarfe ba ya aiki a nan. Sannan da zarar an goge an wanke maiƙo, a fesa firama nan take, kada a bari ya kwana tsirara, don iska tana taɓa shi yake fara sabon ɓawo.

Da a ce tsakuwa ce ta ɓantare maka fenti a tsakiyar bonet, tabon bai wuce farce ba, kuma babu rami, da na ce ka ba na farko. Naka a baki yake, har ya yi gari. Ka ba na biyu. Kafin ka miƙa masa makulli, ka roƙe shi ya kira ka bayan ya gama guga, kafin ya fesa komai. Ka duba da idonka, gaba da baya: wurin ya yi fes yana ƙyalli, an wuce iyakar kumburin da aƙalla faɗin yatsu biyu, babu ɗigon fari ko toka a cikin ramukan. In ka ga ko ɗaya, a koma guga.