Wata takwas ina aiki da na'urar Josephson mai bolt 10, ga yadda na same ta

Tun da ɗakin awonmu ya samu na'urar nan abokan aiki suke damuna wai in faɗa musu ko ta cancanci surutun da ake yi a kanta, to yau dai na zauna. Sunan kamfanin da ya haɗa mana ita ba zan kama ba, don akwai ƙorafi a gaba.

Aikinmu gwada mitocin mutane ne, a tabbatar in mita ta ce bolt 10 to bolt 10 ɗin ne. Da can da zena muke dogara, ɗan akwatin nan mai fitar da bolt 10, yana da kirki amma yana zamewa a hankali, zafi ya taɓa shi danshi ya taɓa shi, kuma dole lokaci-lokaci a ɗauke shi a kai inda za a gwada shi da wanda ya fi shi. Ita wannan na'urar Josephson, da ita ma bolt 10 take fitarwa amma ba ta zamewa, babu wajen wanda za ka kai ta, ita ake kawo wa.

Gaba ɗaya abin ɗan cip ne da bai kai kwalin ashana ba, duk sauran tarkacen, firjin da kwamfuresa da injin maikirowef, bayinsa ne kawai. A kan cip ɗin an jera mahaɗai a layi. Mahaɗa ɗaya wani ƙarfe ne mai suna niyobiyam sama da ƙasa da siririn shinge a tsakani, in sanyi ya sauka ƙasa da kelbin 9.2 (kusan digiri 264 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius) sai niyobiyam ɗin ya zama sufakondakta, wato lantarki ya bi ta cikinsa ba turjiya, elektron su haɗu bibbiyu su riƙa ratsa shingen kamar babu shi. Brian Josephson ne ya hango haka a 1962 yana ɗalibi a Kambirij, shekararsa 22 kacal, ya kuma ci Nobel a kai a 1973. Amma mu masu awo abin da Sidney Shapiro ya gani a 1963 shi ne abincinmu: in ka watsa wa mahaɗar maikirowef, bolt ɗin ya daina hawa sumul, sai ya koma kamar matakalar bene, kuma tsayin kowane mataki firikwensin da ka watsa ne a raba da gigahaz 483,597.8 a kowane bolt. Lambar nan 2e/h ce, wato cajin elektron (e) sau biyu a raba da lambar Planck (h), kuma tun 20 ga Mayu 2019 aka kafe e da h ba sa motsi. Kenan in agogonka na firikwensi daidai yake, bolt ɗinka daidai yake, shikenan, ko wa ya ƙera cip ɗin.

Matsalar ita ce a gigahaz 70 mahaɗa ɗaya maikirobolt 145 kawai take bayarwa, abin da bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ake jera su. Tamu kusan 70,000 ne a jere. Ta NIST, hukumar awo ta Amurka, ma ta haura 260,000 saboda su ƙasa da gigahaz 20 suke aiki.

Na taɓa tsohon samfurin lokacin horo, wanda shingensa okside na alminiyam ne mai kaurin nanomita ɗaya zuwa biyu, mahaɗai wajen 20,000 kowacce tana hawa mataki uku ko sama. Wallahi wannan sai mai haƙuri. Matakansa a jibge suke kan juna, ba ka da ikon cewa ga wanda nake so, sai dai ka lallaɓa shi ya zauna a kusa, kuma ƙaramar hayaniyar lantarki ta shigo sai ya yi tsalle ya koma wani matakin kana tsakiyar awo. Tamu an raba jerin kashi-kashi, 1, 2, 4, 8 haka har sama, kowane kashi ka sa shi a sifili ko a mataki ɗaya sama ko ɗaya ƙasa, ka rubuta bolt ɗin da kake so a manhaja ta lissafa maka. Nan kam na ba ta maki cikakke.

Ranar da ta fara burge ni, ogana ya ce in ƙara karan ɗin, wato yawan lantarkin da ke shiga jerin, in zuba wa mita ido. Na ƙara, lambobin ba su motsa ba. Na rage, ko gezau. Kusan miliamfiya guda na yi ta yawo da shi sama da ƙasa, mita mai lamba takwas da rabi tana nan daram, sai 'yar rawar lambar ƙarshe wadda ita ma daga mitar ce. Na saba da kayan da in ka yi tari kusa da su sai sun nuna, sai na tsaya ina kallo kamar baƙauye.

To yanzu ƙorafi. Babban abokin gabarta maganaɗisu ne. In ɗan filin maganaɗisu ya maƙale a mahaɗa ɗaya tak cikin dubban nan, matakin ya karkace, kuma babu gyara sai ka ɗumama cip ɗin ya wuce kelbin 9.2 ka sake sanyaya shi. Akwai hita a jiki don haka, mintoci ne, amma satin farko sau shida na yi a yini ɗaya ina ta zargin cip ɗin, ashe ni ne nake cire waya in mayar alhali yana cikin sanyi. Littafin da ya zo da ita layi ɗaya ya yi a kan wannan can tsakiya, abin da ya kamata a rubuta da jan biro a shafin farko. Na tura wa kamfanin saƙo, kwana tara kafin su amsa, lokacin har na gano da kaina.

Sai firjin. Gaskiya na ji daɗin rabuwa da jigilar ruwan hiliyam na sanyaya cip, amma daga zafin ɗaki zuwa kelbin 4 awanni ne, gara ka kunna da yamma ka dawo da safe, kuma kwamfuresar tana bugu cif cif cif ba dare ba rana, sai da muka mayar da ita ɗakin gefe. Wuta ta ɗauke ko na minti biyu ne, sanyi ya fara gudu.

Wayoyin jan ƙarfe da suka taso daga kelbin 4 zuwa kan tebur su ma suna haifar da nasu ɗan bolt ɗin saboda bambancin zafi, ka riƙe bakin wayar da yatsa kawai ka ga lamba ta tafi, sai ka jira ta huce. Maganinsa a juya fulos da mainos a auna sau biyu a ɗauki tsakiya, manhajar tana yi da kanta, amma ko ita manhajar kamanninta kamar ta shekara ashirin baya.

Wa zan ce ya nema? Ɗakin awon da wasu ke kawo masa zena da manyan mitoci, kuma yana da mutum ɗaya da zai zauna da ita ya san halinta. In mitocin hannu kake gwadawa, zena mai kyau ya ishe ka har da saura. Kar kuma wani ya ɗauka batir ce, ba a jan wuta daga jikinta, da ka ɗora mata lodi ta sauka daga mataki. Mu yanzu duk Litinin muke jona mata zenanmu guda huɗu mu rubuta inda kowanne ya zame, kuma na manna takarda a ƙofar ɗakin cewa sukundireba mai maganaɗisu ba ta shiga.