Robar haƙori ta barci: abin da na gani bayan wata 4

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen Ringim. Tun hunturun bara ciwo ya kama ni a gaban kunnen dama, ya bi kunci har ƙasan ido, wani lokaci ya hau gefen kai. Kowa ya ce sainos ne, wato kumburin ramukan iska da ke gefen hanci, ƙurar hunturu ce ta jawo. Amma hancina a buɗe yake, babu majina, babu mura, ƙanshin miya ma ina jin sa sarai. Mai kemis ya ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta har sau 2, ya haɗa da na ɗigawa a kunne. Kuɗi suka tafi, ciwo yana nan.

A babban asibiti aka haska kunnen, likita ya ce lafiyarsa ƙalau, ya tura ni wajen likitan haƙori a Kano. Ita kuwa ta ɗora yatsunta a gaban kunnuwana ta ce, "Malam, buɗe baki a hankali." Sai ga ƙas, har ita ta ji. Ta matsa naman kuncina, zafin ya harba cikin kunne, daidai inda ya saba damuna. Yatsu 3 a jere ya kamata su shiga bakin babban mutum, nawa 2 da ƙyar.

Bayaninta ya zauna mini. Gaɓar muƙamuƙi maƙwabciyar ramin kunne ce, ƙashi siriri ne tsakaninsu. A cikinta akwai ɗan faifan guringuntsi da ke zamewa idan an buɗe baki, shi ne mai wannan ƙara. Jijiyar da ke kai saƙon zafi daga gaɓar da naman tauna, ita ce dai ke kula da kunci da haƙoran sama da wani sashe na kunne, don haka mutum yakan nuna inda ba nan cutar take ba. Ta tambaye ni ko ina gurza haƙora cikin barci. Na ce a'a, amma da na koma gida uwargida ta ce, "Haba Malam, ai kullum sai na ji." Ga kuma goro, da gefe guda nake taunarsa tun da aka cire mini matauni na hagu.

Ta auna haƙorana da wani abu mai kama da ƙullu, bayan mako guda na koma na karɓi robar da masu gurza haƙora ke sawa a baki lokacin barci. Garai-garai take, mai tauri, tana hawa haƙoran sama daram.

Daren farko ban ji daɗinta ba. Yawu ya yi ta taruwa, da asuba na tsince ta a kan matashi. Sai da na yi kwana 5 kafin bakina ya saba. A mako na 3 na lura ina tashi sallar asuba ba tare da muƙamuƙi ya ƙage ba, nauyin ƙasan idon nan ma ya ragu ƙwarai. Ciwon kunne ya fi jinkirin tafiya, yanzu sai na yini ina magana a aji yake ɗan motsawa. Ƙarar gaɓar ba ta daina ba, likitar ta riga ta gaya mini haka.

Ba zan ba robar yabon duka ba. An hana ni goro da rake da kilishi da aya, na koma fate da kunu da tuwo mai laushi na tsawon makonni. Ina gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi minti 15 safe da yamma. Ranar da na yi ganganci na ci goro a wajen suna, washegari ciwon ya dawo duk da na kwana da robar.

Abin da ya dame ni shi ne nisa da tsada. Sau 3 na shiga motar Kano, har da komawa a goge inda take danne mini dasashi, kuɗin kuma sun kai na ɗan akuya. Wankinta na son kula: burushi da ruwan sanyi, don ruwan zafi yana lanƙwasa ta.

Wanda kunne da kunci ke masa ciwo alhali hancinsa a buɗe, ya je a duba kunnen da haƙoran sama tukuna, domin ruɓaɓɓen matauni ma yana kawo irin wannan zafi. Idan da zazzaɓi, ko kumburi, ko ruwa na fita daga kunne, ko baki ya ƙi rufuwa, wannan asibiti ne a ranar. Wani abokin aikina ya nemi in ara masa tawa ya gwada, na ce ba za ta hau bakinsa ba, na kwatanta masa inda zai je a auna nasa.