Kocin safe ya san aikin tsokar baya, amma jim ɗin sai a hankali

Gaskiya kuɗin watan da na biya a jim ɗin nan (wurin motsa jiki) na Birnin Kebbi, kocin safe kaɗai ya halatta su.

Duk inda na taɓa ɗaga ƙarfe magana guda ce, wai matse allon kafaɗa baya ka riƙe gam har ka gama. Sakamakon kuwa wuya da damtse ke ciwo, bayan ko a jikinsa. To wanga bawan Allah yana hango ni kan injin jan ƙarfe daga sama sai ya zo ya rage nauyin kusan rabi ba ko sallama, raina ya ɓaci don ga yara nan na kallo, sai ya ce Malam yi haƙuri, kafaɗunka sun haye kunne, wuyanka ke aikin ba bayanka ba. Ya aza yatsa biyu a gadon bayana ya ce in fara sauke allon kafaɗa ƙasa tukuna, sannan gwiwar hannu ta biyo kamar zan sa ta aljihu, in ƙarfen zai koma sama kuma in bar allon ya bi shi, kada in danne. Wai ashe ƙashin nan na ƙasan wuya kaɗai ya haɗa allon da sauran ƙasusuwa, saura duk tsoka ke riƙe da shi, don ya motsa aka yi shi. In ka ɗaga hannu sama digiri 180, kusan 60 daga juyawar allon suke. Riƙewa gam ɗin nan ta benci ce, lokacin tura ƙarfe daga ƙirji.

A jan zaune ma haka, wato injin da kake zaune kana jawo nauyi zuwa cikinka, ka bari allon ya tafi gaba ya miƙe, ka jawo shi baya, ban da lilo da ƙugu. Wallahi washegari ƙasan hammata da tsakanin kafaɗu suka amsa, ko riga zan sa sai na ji. Wuya kuwa lafiya lau.

Da tauraro biyar zan ba su fa. Amma ina rubutun nan abin ya dawo min. Kocin da tara na safe ta yi ya wuce, yaron da ke tsaron yamma kuma yana can kan TikTok, ga wani na fizgar ƙarfe kafaɗu a kunne ko ɗago kai bai yi ba, alhali kuɗi ɗaya muka biya. A ɗauke wuta cikin zafin nan na Afrilu ba mai tada janareta, wai ba mai. Kuma igiyar injin jan zaunen ta fara zarewa, waya ta fito, na yi magana aka ce oga ya sani. Tauraro uku, biyu na kocin ne. In safe ba ta yi maka ba kada ma ka biya.